Gonar da Na Saya Don Titi

Yanzu a Ƙaura ba ka iya zama a majalisa ka sha shayi cikin kwanciyar hankali ba tare da wani ya zaro waya ya nuna maka taswira ba. Zai sa yatsa ya ja layi, ya ce ga inda sabuwar hanya za ta bi, ga filaye nan a gefenta, wanda ya saya bana baɗi sai dai a gaishe shi daga nesa. Yaran da na ci naman sunansu su ne dillalan filaye yau, kowa da takalmi mai sheƙi da mukullin mashin a yatsa. Gonakin da muka ci ɗanyar gyaɗa a cikinsu an yanka su gunduwa-gunduwa, an kafa duwatsun siminti a kowace kusurwa. Mutanen ƙauyukan Zurmi da Shinkafi da rashin zaman lafiya ya taso sun shigo gari suna neman inda za su kafa ɗaki, ga ɗaliban kwalejin Foli su ma suna neman haya, saboda haka ƙasa ta yi daraja. Ni idan ana wannan hira nakan yi murmushi, domin wannan zazzaɓin na riga su kamuwa da shi tun iyayensu ba su yi aure ba. Har suna na samu a kansa. Tsofaffin garin nan har gobe Mai Titi suke ce mini, kuma ba yabona suke yi ba.

A lokacin da muka taso, ba titi ne mai garin ba, jirgin ƙasa ne. Nan dogo ya ƙare, saboda haka duk abin da ƙasar nan ta noma nan yake zuwa ya jira. Kukan jirgi shi ne agogonmu. Idan ya yi tsawa daga nesa mata su san lokacin ɗora sanwa ya yi, mu kuma mu san in ba mu gama cika randuna ba yau akwai magana. Da kaka za ka ji ƙararrawar raƙuma tun kafin ka gan su, sun ɗauko gyaɗa da auduga daga arewa, jakuna na biye suna haki, masu su sun yi furu-furu da tafiya. Leburori na jera buhuna suna waƙa, mai awo na buga tiya a gefen buhu, maƙera na ta ƙwanƙwasa a bayan kasuwa. Warin man gyaɗa da na gawayin jirgi su ne warin ƙuruciyata. Yau idan na bi ta tasha sai in ga awaki kwance a kan dogo suna tuƙa, ba abin da ya dame su, kuma ƙarar da ta cika gari ta mashin ce da keke napep. Ba na cewa da ya fi yanzu a komai. A da ciwon ido kaɗai kan kwantar da unguwa guda. Amma kunnena ya saba da wancan amon, kuma ina kewarsa.

Mahaifina malami ne, mai karantarwa a zaure. Ba shi da yawan magana, kuma idan ya yi maka tambaya ɗaya ya koma kan littafinsa, to ka tafi ka yi ta juya ta har mako. Da ya ga karatu bai zauna mini sosai ba, hankalina na kasuwa, bai yi faɗa ba. Ya nema mini rumfa a kasuwar hatsi, wuri mai kyau kusa da inda ake sauke kaya, ya yi mini aure da Kulu, 'yar wani abokinsa daga Birnin Tsaba. Rumfar nan ita ce dukan abin da na mallaka. Daga cikinta muke ci, daga cikinta aka yi sunan ɗanmu na fari, Bello. Da na zauna a cikinta na yi haƙuri da yanzu wani labarin nake bayarwa. Amma ni a lokacin gani nake duk garin ba wanda ya kai ni hangen nesa.

Abin da na hango kuwa gaskiya ne, wannan kam ba zan ƙi faɗa ba. Jirgi ya fara jinkiri, yau ya zo gobe bai zo ba, manyan motoci kuma sun fara kwashe kayan da yake ɗauka. Na ce a raina duk inda mota za ta bi, can arziki zai koma. Ana nan da bazara sai ga waɗansu mutane da huluna masu faɗi da wata na'ura mai ƙafa uku, suna leƙe-leƙe a gonakin bayan gari, suna kafa turaku masu jan fenti a ka. Wani direba da ke sauke mini dawa ya raɗa mini cewa sabuwar hanya za a yi wadda za ta kewaye gari ta nufi arewa, kuma duk wanda ke da fili a bakinta ya warke. Tun daga ranar ban ƙara jin daɗin zama a rumfa ba. Ina auna wa mutum hatsi ina ganin shaguna a jere da gidan mai, da sunana a rubuce a sama.

Kafin in sami mai sayen rumfar, ruwa ya sauka, an yi shuka, har an fara huɗa. Ranar da ciniki ya faɗa na hau kekena na fita neman turakun nan, ban gaya wa kowa inda za ni ba. Na yi ta yawo a gonakin kwari inda aka ce an ga masu awon hanya, ban ga ko ɗaya ba. Na ci gaba da tura keken har na hau wata jigawa mai nisa, inda ƙafar keke ke nutsewa cikin rairayi. Can na gan su. Turaku masu jan kai, a jere, miƙe sambal tun daga wannan iyaka har waccan, a cikin wata gona da aka bari ba a shuka ba. Murna ta kama ni. Na sauka na shafa ɗaya kamar wanda ya ga ɗan'uwansa.

Mai gonar wani dattijo ne, Baba Nomau, gajere mai faɗin kafaɗa, wanda ya fi yarda da shanun huɗarsa biyu fiye da yawancin mutane. Na same shi a wata gonarsa ta kwari yana riƙe da garma. Da na gaya masa abin da ke tafe da ni, sai ya tsai da shanu ya dube ni tun daga hula har takalmi.

“Ɗan Malam, mi za ka yi da wagga jigawa? Ko maiwa sai ta ga dama taka yi can.”

Na ce, “Baba, sha'awar noma nika yi.”

Ya ce, “Ga gonaki nan kusa masu laka, in nema maka guda. Waccan wahala ta.”

Na ce ni dai waccan nake so, iskar wurin ta yi mini. Ban ambaci turaku ba, ban ambaci titi ba. Tsorona kada ya farga ya tsawwala kuɗi, ko ya fasa. Har ina yaba wa kaina a zuci cewa na iya ciniki.

Da na kai maganar gida, Kulu tana tankaɗe, ta ajiye rariya ta ce, “Kai da ba ka san hwarkon kunya da ƙarshenta ba, kai za ka noma? Rumhwar da muka ci cikinta hwa?” Na ce ta jira ta gani, nan da shekara biyu sai ta zaɓi ɗakin da take so a gidan bene. Ta ɗauki rariyarta ta ci gaba, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin an tuƙa tuwo da bene ba. Mahaifina kuwa ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Ka gaya ma mai gona abin da yas sa kaka son ta?” Na ce a'a. Ya dube ni kaɗan, ya buɗe littafinsa.

A wancan zamani ba a sayar da gona a kan waya. Sai da muka taka iyaka da ƙafa, ni da Baba Nomau da mai unguwa da maƙwabtan gona, muna bin layin gamba, ana nuna wannan kalgon naka ne, waccan sabarar ta wane ce. Muka wuce ta gefen turakun nan, kowa ya gan su, ba wanda ya ce uffan, ni ma na kau da kai kamar ban san da su ba. Aka raba goro, dattijo ya ce ya sallama, aka yi fatiha. Na koma gida ina jin kaina mai arziki.

Damina biyu na yi ina jira. Na shuka gero don kada a ce ban yi komai ba, ya fito kamar gashin tsoho. Na koma ina taya wanda ya sayi rumfata awo, ana ba ni na cefane, a wurin da a da nake ba da umarni. Kulu ta fara ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma da shi muka rayu, ko da yake a lokacin ban iya buɗe baki na faɗa ba. Kullum da la'asar sai in hau jigawa in duba turakuna, wanda ya karkace in gyara masa tsayuwa.

Ranar da katafila ta iso ina cikin gonar. Na ji rurinta, amma daga nesa, can ƙasa wajen kwari. Na ce wataƙila daga can za su faro. Kwana uku ina saurare, ƙarar ba ta matso ba, sai ma nisa take ƙarawa. Na hau keke na gangara na sami shugaban leburorin, na ce masa sun yi kuskure, hanya can sama take, ga turaku can a jere. Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce ai turakun farko ɓacewa suka yi gaba ɗaya, sai da aka sake awo, kuma hanya tun asali nan aka tsara ta, wa zai kai titi kan tudun rairayi? Ban san yadda na iso gida ba. Kafin mako ya zagayo labari ya gama kasuwa, sunan Mai Titi ya kama ni. Na yi baƙin ciki irin wanda ban taɓa yi ba, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne ban san wa zan zarga ba.

Wata safiya da hantsi aka ce ana sallama da ni a zauren mahaifina. Na tarar da Baba Nomau durƙushe gaban Malam, shanunsa biyu ɗaure a gindin bishiyar bedi a waje. Sai a kasuwa ya ji dalilin da ya sa na sayi gonarsa.

Ya ce, “Malam, na zo in warware ciniki. Iccen nan ni nik kai su can.”

Malam ya ce ya yi bayani.

“Mai unguwa yac ce duk wanda yab bari iccen gwamnati yas salwanta cikin gonatai, shi za a kama. To ga shanu na karya su wurin huɗa, ga mata na zarewa suna hura wuta. Sai nit tattara nawa da na maƙwabta, nil laɓta ma jaki, nik kai su jigawa inda ba mai taɓa su. Tsaye nis same su, a jere, don haka nim maishe su tsaye a jere, in masu su sun zo su iske kayansu yadda sunka bari. Ban san yaron ga su yab biyo ba. Abin da yab ba ni na yi hidima da shi, amma ga shanuna nan. Shi ɗauka, shi ba ni gonata.”

Ba zan yi ƙarya ba, zuciyata ta yi tsalle. Shanun nan ƙosassu ne, da na sayar da su da na sake kama wata rumfar, ko ba ta kai ta da ba. Na riga na fara tunanin dillalin da zan kai wa. Shi kuwa dattijon, in ya rabu da su, da fartanya zai koma yana tsufa, wannan ma na sani sarai.

Malam ya ce, “Nomau, ranar ciniki ka ɓoye mai wani abu?”

“Bai tambaye ni ba, Malam. Da ya ce mani icce, da na hwaɗa mai. Har cewa niy yi wahala ta.”

Malam ya juyo gare ni. “Kai hwa, ka ɓoye mai wani abu?”

Na sunkuyar da kai.

Ya ce, “Ciniki naka na, ba nawa ba. Tunda shi yak kawo da kainai, in ka amsa ba wanda za ya ce ka ci haram. Ni dai ina son ka duba, cikinku wa ya kamata shi ɗauko ƙahwa shi zo wurin wani.”

Kunyar da na ji a ranar har yau in na tuna sai na ji zafi a kunnuwana. Ni na je da niyyar in ci ribar rashin saninsa, tambaya ɗaya tak da za ta cece ni na ƙi yi don kada ya gane, ga shi kuma shi ne ya zo yana ba ni haƙuri da abin da ya fi so a duniya. Na ce, “Baba, koma da shanunka. Gona tawa ta. Kai za ka yahe mani.” Ina faɗa ina ganin rumfa tana tafiya.

Dattijon ya gyara zama. Sannan ya ce, “To tunda ka ƙi, sai ka bari in koya maka noma. Na ga kunyoyinka, ɗan Malam. Ko kaza ta hi ka iya tona.” Har Malam sai da ya yi murmushi.

Haka na zama manomi ba da niyya ba. Baba Nomau ya haɗa ni da wani Bafulatani da ya riƙa sauka da garkensa a gonar kowace rani, muna ba shi kara da dusa, shanunsa na bar mana taki. Ya hana ni sare sabara da kalgo, ya ce su ke riƙe ƙasa. Ya koya mini haɗa gero da wake, da gane ruwan shuka na gaskiya daga na yaudara. Shekara ta huɗu rairayin nan ya fara yin duhu. Shi ne kuma ya zaga gonar yana duban inda wata ciyawa ke daɗewa kore, ya buga ƙafa ya ce a haƙa nan. Aka haƙa rijiya, aka sami ruwa mai sanyi da daɗi wanda bai taɓa ƙafewa ba. Da ruwan nan muka raini mangwaro da gwaba, ni ina ja, Kulu na zubawa, tana yi mini tsiya cewa ga benen nata ya fara fitar da ganye. Ranar da Baba Nomau ya rasu ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa, kuma na yi kuka kamar ɗansa.

Kada a ɗauka ina cewa na fi kowa dacewa. Waɗanda suka sami fili a bakin waccan hanya da yawansu sun yi kuɗi, wanda ya sayi rumfata ma ya yi motoci. Shekaru da dama in na wuce shagunansu sai na ji zafi a raina. Lissafina daidai ne, wurin ne ba daidai ba. Shi ya sa idan matasan nan suka zo suna nuna mini layi a waya, ba na ce musu kada su saya. Cewa nake su je da ƙafarsu, su zauna da mai gonar da maƙwabtansa, su faɗi abin da ya kawo su, su yi tambaya. Yawancinsu dariya suke yi, su ce Baba zamani ya wuce nan. Amma a cikin gonar nan na ciyar da 'ya'ya bakwai, daga mangwaronta Bello ya yi karatu har ya zama malamin makaranta, daga ita ni da Kulu muka sauke farali. Zafin nan ya daɗe da barina. Na saba da hantsin wurin, da kukan kurciya a kan mangwaro, da yadda iska ke kaɗa gero ya yi ta shuu kamar ana sheƙa.

Gari kuwa bai tsaya ba. Yana ta tahowa a hankali, gida bayan gida, har rufin kwano ya fara haskawa daga gindin jigawa. Watannin baya Bello ya zo da murna, ya ce an tsara wata babbar hanya da za ta rage cunkoson cikin gari, kuma ta kanmu za ta bi. Na ce na taɓa jin irin wannan. Ya ce a'a, wannan karon ya ga takarda da idonsa. Za a biya diyyar abin da hanya ta ci, sauran gonar kuma dillalai har sun fara yi masa waya, kowa na so a yanka masa.

Suka zo kuwa, ranar wata Talata da rana tsaka, matasa huɗu da na'urarsu. Muna zaune ni da Kulu a inuwa tana ɓarar gyaɗa. Na bi su da ido suna shafa jan fenti a jikin mangwaro, ɗaya, biyu, har layi guda na manyan da muka fara dasawa. Daga nan babbansu ya tsaya a bakin rijiya, ya duba na'ura, ya sunkuya ya shafa wa bakinta fenti. Ya juyo yana fara'a ya ce, “Baba, ka yi sa'a. Tsakiyar titi daidai nan za ta bi.”

Abin da na sayar da rumfata dominsa, abin da na sha dariyar gari a kansa, ga shi ya zo har inda nake zaune, kuma na nemi murna a cikina na rasa. Na ji idona ya cika.

Kulu ta kakkaɓe zaninta, ta dube ni ta gefen ido. Ta ce, “Alhaji, tun muna da baƙin gashi kaka jiran baƙon ga. Yau ya iso, kuma za ka tarbe shi da ɓacin rai? Yaran mutane sun sha rana. Tashi ka ba su ruwa.”

Na tashi. Na ɗauki guga na zura a rijiyar da suka zo binnewa, na jawo da hannuna, na cika musu kwano. Suka sha suna miƙa wa juna, babban ya goge baki ya ce bai taɓa shan ruwa mai daɗin wannan ba, ko akwai ƙari.

Na ce akwai, na sake zura guga.